Yadda Ake Auna Kaurin Ruwan Polima da Gora da Robar Ƙarin Ruwa

Duk wanda ya taɓa haɗa sabulun ruwa ya ga wannan abu da idonsa, ko da bai tsaya ya yi tunani a kansa ba. Idan sabulun yana zaune a bokiti sai a ga ya yi kauri kamar ba zai zubu ba, amma da zarar an ɗura shi a gora an matsa, sai ya fito da sauƙi ta ƙaramin baki. Man gyaɗa da ruwan sukari ba su da wannan hali, domin ko a hankali aka zuba su ko da sauri, kaurinsu bai canzawa muddin zafinsu bai canza ba. Bambancin yana cikin garin da ake sa wa sabulun don ya yi kauri, wato CMC ko Natrosol, waɗanda dukansu polima ne. Ƙwayoyin polima dogaye ne kamar zare, kuma idan ruwan yana kwance sukan cuɗe su sarƙe da juna, amma idan aka tilasta masa gudu sai su miƙe su bi hanya ɗaya, sarƙewar ta ragu, ruwan ya tsinke. Saboda haka tambayar "nawa ne kaurin wannan ruwa" ba ta da amsa guda ɗaya, sai an faɗi irin gudun da aka auna shi a kai. Abin da ke tafe shi ne hanyar auna wannan tsinkewa da kayan da ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a zai iya samu a kasuwa, ba tare da na'urar auna kauri ta Brookfield mai tsada ba.

Dabarar a taƙaice ita ce, a rataye gora mai ɗauke da ruwan, a bar shi ya sauko ta siririyar roba, a auna yawan da ke fita a minti ɗaya, sannan a ninka tsayin gorar a sake aunawa. Tun a wajajen 1840 Gotthilf Hagen a Jamus da Jean Poiseuille a Faransa suka nuna cewa ruwa mai kauri tsayayye, idan aka ninka matsin da ke tura shi cikin bututu, gudunsa ninki biyu yake yi daidai. Ruwan polima kuwa yakan yi ninki uku, ko biyar, ko ma fiye, kuma daga wannan rarar ce ake fitar da lissafin gaba ɗaya.

Kayan aiki da haɗa ruwan

Ana buƙatar gorar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, da sabuwar robar ƙarin ruwa irin wadda ake sayarwa a kemis, da sikelin lantarki mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, da tef ɗin awo, da ma'aunin zafi, da agogon waya, da kofuna biyu ko uku. A yanke robar a cire ɗan ɗakin da ruwa ke ɗiga a ciki, da abin da ake murzawa don rage gudu, da bakin allura, a bar tsantsar bututun mai tsawon mita ɗaya cif. Kada a yi amfani da ɓangaren da abin murzawar ya daɗe yana matse shi, domin wurin ya riga ya lotse. A yanke gindin gorar, a kifa ta, a huda murfin a cusa bakin robar, a toshe gefen da gam don kada ya yi yoyo.

Kafin a ci gaba sai an san faɗin ramin robar, kuma a nan ne mafi yawan masu wannan aiki ke yin sakaci. Kwalin ba ya faɗa, rula kuma ba ta isa ba. Hanya mafi inganci ita ce a auna nauyin robar tana bushe, a cika ta da ruwa ba tare da kumfa ba, a toshe bakunan biyu a sake aunawa. Idan ruwan da ta ɗauka ya kai giram 7.1 a mita ɗaya, to faɗin ramin milimita 3 ne, rabin faɗin kuma milimita 1.5. Idan an samu wani adadi daban, a raba yawan ruwan a giram da tsawon robar a mita, a sake rabawa da 3.14, sannan a ɗauki tushen murabba'i, abin da ya fito shi ne rabin faɗin a milimita. Dalilin wannan tsanani shi ne, rabin faɗin yana shiga lissafin kauri ne a ninke sau huɗu a kansa, don haka kuskuren kashi 5 cikin 100 a nan yakan koma kuskuren da ya haura kashi 20 cikin 100 a sakamako.

Polimar da ta fi nuna tsinkewa ƙarara ita ce zantan, wani gari da ake samu daga ƙwayar cuta mai suna Xanthomonas campestris, wanda Allene Jeanes da abokan aikinta suka gano a ɗakin binciken ma'aikatar noma ta Amurka da ke Peoria, kuma shi ne ake rubutawa E415 a jikin kayan abinci. Giram 2.5 a lita ɗaya ya isa. Idan ba a same shi ba, CMC na masu sabulu zai yi, sai dai a ƙara yawansa zuwa kamar giram 5 zuwa 10 a lita, gwargwadon irin da aka sayo, domin akwai mai kauri sosai akwai marar ƙarfi.

Wajen narkar da garin a yi haƙuri. Idan aka juye shi gaba ɗaya cikin ruwa, bayansa zai jiƙe ya yi yauƙi ya rufe cikin da yake bushe, sai a samu gudaji waɗanda ko an kwana ana burgawa ba za su narke ba, kamar dai yadda talge ke yi idan aka zuba gari babu tuƙi. A riƙa juya ruwan har ya yi rami a tsakiya, ana barbaɗa garin kaɗan kaɗan a gefen ramin, ko kuma a fara dama shi da ɗan gilisarin kafin a zuba. Bayan haka a rufe a bar shi ya kwana, don zaren polimar ya gama shan ruwa, kumfar kuma ta tashi. Na fi son a guji bilenda, saboda tana cusa iska da yawa, kuma wuƙarta na iya tsinka dogayen zaren idan aka daɗe, wanda hakan rage kauri ne na dindindin, ba irin tsinkewar da ake nema ba wadda ke komawa daidai idan ruwan ya huta. A kuma lura da irin ruwan da aka yi amfani da shi. CMC tana ɗauke da cajin lantarki a jikin zarenta, gishiri kuma yana sa zaren ya dunƙule, don haka ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi zai ba da kauri ƙasa da na ruwan da aka tace. Zantan ya fi jure gishiri. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta irin ruwan a littafi.

Gwajin tantance kayan

Kafin a zuba polimar, a gwada kayan da ruwan da aka san halinsa. Ruwan famfo bai dace ba, domin a wannan roba, a tsayin santimita 50, zai yi gudun da ya kai kusan mita ɗaya a sakan ya fara hargitsewa, lissafin Poiseuille kuwa na ruwa ne mai tafiya a natse. A narkar da sukari giram 600 a ruwa giram 400, a bar shi ya huce. Ana auna kauri ne da ma'aunin milifaskal-sakan, kuma kaurin wannan haɗi yana kusa da 58 a zafin digiri 20, lita ɗayansa kuma tana da nauyin kilo 1.29. A gudanar da shi a tsayin santimita 50 sannan a santimita 100. Idan na biyu ya ninka na farko sau biyu, ko kusa da haka ƙwarai, kayan suna lafiya. Idan ba haka ba, to akwai lanƙwasa a robar, ko kumfa, ko kuskure a awon tsayi, kuma gara a gano shi yanzu da a ɗora wa polimar laifin da ba nata ba. A wanke robar da ruwan ɗumi bayan an gama.

Awon kansa

A ɗaure bakin robar na ƙasa a wuri guda da ba zai motsa ba, gorar ce kaɗai za a riƙa ɗagawa da saukewa. Tsayin da ake nufi shi ne tazarar tsaye daga saman ruwan da ke cikin gora zuwa bakin fita, ba daga murfin gorar ba. Idan gorar tana ƙasa robar za ta saki jiki ta yi baka, wannan ba komai, muddin ba ta karye ba. A yi alama a jikin gorar inda ruwan ya tsaya, a riƙa mayar da abin da ya fita a hankali ta gefe don saman ya zauna a kan alamar, domin fitar mililita 35 kaɗai tana sauke shi da kusan rabin santimita.

A zaɓi tsayi biyar: santimita 25, 35, 50, 70 da 100. Ba a so a sauka ƙasa da 20, saboda ɗigon da ke taruwa a bakin robar yana riƙe da matsin da ya kai kusan santimita ɗaya na ruwa, wanda a ƙaramin tsayi ya isa ya ɓata lissafi. A kowane tsayi a bar ruwan ya gudana na minti biyu ko uku tukuna har ya daidaita, sannan a tara kofi a kan sikeli a kunna agogo. A manyan tsayi minti ɗaya ya isa, amma a santimita 25 ruwan zai riƙa ɗiga ne kawai, sai an jira minti goma kafin a tara abin da sikeli zai auna da gaskiya. A maimaita kowane awo sau uku a ɗauki matsakaici.

Idan an kai santimita 100, a juyo a sauko ta kan tsayin nan biyar a sake aunawa. Wannan komawar tana raba abubuwa biyu da ake yawan gwamutsawa. Tsinkewa da gudu tana bin gudun da ake ciki ne a wannan lokaci, don haka awon hawa da na sauka za su zo ɗaya. Amma akwai ruwan da ke ci gaba da tsinkewa muddin ana motsa shi, kuma sai ya huta na ɗan lokaci kafin ya dawo da jikinsa, irin su fenti da taɓon bentonayit na masu haƙa rijiyar burtsatse, kuma a irinsu awon sauka zai fi na hawa gudu.

Zafi ma a sa masa ido. Kaurin tsantsar ruwa milifaskal-sakan 1.0 ne a digiri 20, ya sauka zuwa 0.80 a digiri 30, ya kai 0.65 a digiri 40. Wanda ya fara awo da sanyin safiya ya ƙarasa da azahar a watan Afrilu, zai ga canjin da ba na gudu ba ne. A yi aikin a zama ɗaya, a inuwa, a rubuta zafin ruwan a farko da ƙarshe.

Fitar da lissafi

Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne na Ostwald da de Waele, wanda ya samo asali a shekarun 1920. Yana siffanta ruwa da lambobi biyu, K mai nuna kaurin jikinsa da n mai nuna tsananin tsinkewarsa. Idan n ya zama 1, ruwan irin na sukari ne. Duk yadda ya yi ƙasa da 1, haka tsinkewar ke ƙara tsanani. Idan kuwa ya haura 1, ruwan ƙara tauri yake yi da motsi, kamar ɗanyen sitacin masara da aka kwaɓa da kauri a ruwan sanyi, wanda ke tauri idan aka buga shi amma ya zube idan aka sake shi.

Abin sha'awa shi ne ana samun n ba tare da an san faɗin robar ba. A raba babban tsayi da ƙarami a ɗauki log ɗinsa ta danna maɓallin log a kalkuleta, a raba babban gudu da ƙarami a ɗauki log ɗinsa, sannan a raba na farko da na biyu. A ƙaddara, don misali kawai, an samu giram 5 a minti a santimita 50, da giram 35 a minti a santimita 100. Tsayi ya ninka sau 2, log ɗinsa 0.301, gudu ya ninka sau 7, log ɗinsa 0.845, don haka n ya zama 0.36.

Samun kaurin kansa yana buƙatar matakai uku. Na farko shi ne ƙarfin da ruwan ke ja da shi a bangon robar: a ninka nauyin mita kubik ɗaya na ruwan, wato kilo 1000 ga haɗi marar yawan gari, da 9.81, da tsayin a mita, da rabin faɗin a mita, sannan a raba da ninki biyu na tsawon robar. Amsar tana fitowa ne a faskal, ma'aunin matsi, kuma a santimita 50 wannan yana ba da faskal 3.7, a santimita 100 kuma faskal 7.4. Na biyu shi ne saurin zamewar ruwan a bango: a ninka gudun, a mita kubik a sakan, sau 4, a raba da 3.14 da kuma rabin faɗin da aka ninka a kansa sau uku. Giram 5 a minti yana ba da kimanin 31 a sakan, giram 35 kuma 220. To amma wannan lissafi na ruwa mai kauri tsayayye ne. Ruwa mai tsinkewa yakan tafi a dunƙule a tsakiyar bututu ya tattara zamewarsa a kusa da bango, shi ya sa ake yin gyaran da Rabinowitsch ya wallafa a 1929: a ninka n sau 3 a ƙara 1, a raba da n sau 4. A misalinmu wannan ya ba da 1.45, sai saurin zamewar ya koma 46 da 319. Wanda ya tsallake gyaran nan zai ƙara wa kaurin kusan rabi. Na uku, a raba ƙarfin ja da saurin zamewa. Za a samu milifaskal-sakan 81 a ƙaramin tsayi, da 23 a babba. Ruwa ɗaya ne, a gora ɗaya, a zafi ɗaya, amma kaurinsa ya faɗi ninki uku da rabi.

A zana dukkan awo biyar a takarda, log ɗin kauri a tsaye, log ɗin saurin zamewa a kwance. Idan suka jeru a miƙe, lissafin ya yi daidai a wannan zango. Amma kada a ja layin ya wuce inda aka auna. A gudu na ƙasa ƙwarai kaurin yawancin ruwan polima yakan daina hawa ya tsaya a wani mataki, a gudu na sama ƙwarai ma yakan daina sauka, lissafin Ostwald kuwa bai san da wannan ba, shi ya sa Cross a 1965 da Carreau a 1972 suka kawo nasu masu ɗauke da matakan biyu. Wannan yana da muhimmanci a aikace, domin kwanciyar ƙwayoyi a gindin gora tana faruwa a saurin zamewa ƙasa da 0.01 a sakan, zubawa daga kofi tsakanin 1 da 100, shafa fenti da buroshi a dubbai, fesawa kuma a dubun dubata. Awon robar nan yana magana ne a kan zubawa da matsawa, ba zai faɗi ko haɗin zai rabu bayan wata uku a kanta ba.

Wanda yake da lokaci ya gwada ƙaro ma, irin na bishiyar dakwara da ake tarawa a Jigawa da Yobe da Borno, kuma Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Shi ma polima ne, amma ƙwayarsa mai rassa ce dunƙulalliya, ba doguwa ba, don haka ana iya narkar da giram 200 a lita ya kasance har yanzu yana zuba da sauƙi, n ɗinsa kuma yana kusa da 1. Yauƙin kuɓewa kuwa yana tsinkewa sosai, sai dai aunawarsa na da wuya, saboda sai an tace shi da kyau, yana jan zare a bakin robar, kuma yana lalacewa cikin sa'o'i.

Idan narkakkiyar roba ce

A masana'antun roba irin na Sharaɗa da Challawa a Kano ana fuskantar wannan al'amari ne da polimar da zafi ya narkar, babu ruwa a ciki, kuma gora da robar kemis ba za su yi aiki ba. Amma dabarar ba ta canza ba. Na'urar da ake amfani da ita, bisa ƙa'idar ISO 1133 ko ASTM D1238, tukunya ce siririya mai zafi, da ke da rami a ƙasa mai faɗin milimita 2.095 da tsawon milimita 8. A ɗumama ta zuwa digiri 190 idan nau'in robar foliyetilin ne, ko 230 idan folifurofilin ne, a zuba 'yan giram na ƙwayoyin a danna su don iska ta fita, a jira wasu mintuna su narke, a ɗora nauyin kilo 2.16, a riƙa yanke igiyar da ke fitowa a kan lokaci, a auna ta, a mayar da lissafin zuwa giram a minti goma. Wannan ita ce lambar da ake gani a takardar kaya, kuma awo ne a gudu guda ɗaya tak, wanda ya yi ƙasa sosai da gudun da robar ke yi a injin zuba ta cikin mazubi.

Don ganin tsinkewar sai a maimaita da nauyin kilo 21.6, wato ninki goma. Da kaurin tsayayye ne, da gudun ya ninka sau 10 kawai. Idan ya ninka sau 30, n yana kusa da 0.68, idan ya ninka sau 100, n ya zama 0.5. Buhu biyu na iya ɗaukar lamba ɗaya a ƙaramin nauyi amma su bambanta sosai a babba, kuma wanda tsawon zarensa ya fi bambanta da juna shi ne yawanci ya fi tsinkewa.

Masu sarrafa tsohuwar roba su ne suka fi buƙatar wannan awo a kan kowane kaya da ya shigo. Da zarar zaren polima ya kai tsawon da yake sarƙewa, kaurinsa a ƙaramin gudu yana bin nauyin ƙwayar a ninke sau 3.4 a kansa, ma'ana ninka tsawon zaren sau biyu yana ninka kauri fiye da sau goma, raguwar kashi 20 cikin 100 kuma tana zubar da fiye da rabinsa. Folifurofilin yana tsinka zarensa duk lokacin da aka sake narkar da shi, don haka lambarsa hawa take yi daga zagaye zuwa zagaye. Robar PET ta gorar ruwa kuwa, idan aka narkar da ita da laima a jiki, ruwan ne da kansa ke yanka zaren, saboda haka sai an busar da ita sosai kafin a sa ta a na'urar, in ba haka ba lambar da za ta fito ta laimar ce, ba ta robar ba.